Furen da Ke Jira In Tafi Gona

Zuwa ga Afiniki, uwar Angelina, uwar gidana, zumar kogon dutsen Kagoro wadda ba a ɗebo ta sai an sha harbi! Ke ce ruwan Matsirga mai zubowa rani da damina, ke ce inuwar ɗorawar bakin gonata, ke ce cittar da ta daɗe a ƙasa har yajinta yana fita ta kunne. Ya ke gyaɗar cikin gwatena! Ya ke farin watan bayan girbin acca! Salamar Ubangiji ta same ki a Zonkwa, a gidan surukinmu, inda kika je kika baje kamar ba ki da miji, ba ki da kaji, ba ki da ƙofa a Kagoro.

Ni Kumai na rubuta wannan da hannuna, da baƙaƙen da na koya a ajin manya na majami'a, lokacin da ke da ƙawayenki kuke dariya kuna cewa busasshen icce ba ya tanƙwaruwa. To ga busasshen icce ya yi takarda. Ki nemo tabaranki ki karanta da kanki. Kada ki miƙa wa Angelina, domin bakin 'yar nan taki rediyo ne, kafin Lahadi zumuntar matan majami'ar Zonkwa sun mai da ni waƙa.

In faɗa miki tun daga farko, kada ki wahalar da idonki kina neman inda na durƙusa: ban zo ba da haƙuri ba. Ƙauna na zo yi, da kawo ƙara, da kuma wani labari.

Kin tuna bikin Afan na shekarar da muka haɗu, tun jirgin ƙasa yana kuka a Kafanchan ana ji har gindin dutse? Kina cikin layin 'yan mata masu rawa, wuyanki kamar na gauraka, haƙoranki kamar sabuwar masara, ƙura tana tashi kina tafe a cikinta kamar ba a ƙasa kike takawa ba. Ashe a ƙasa kike takawa, domin a kan babban yatsana kika sauka da dukan nauyinki. Na yi ihu. Kika juyo kika dube ni kika ce, "Wa ya ce ka ajiye ƙafa a hanya?" Farcen nan bai sake fitowa daidai ba har yau. Kin taɓa cewa in yi haƙuri? Ba ki taɓa ba. Na yi yaji? Na tafi gidan wani a Zonkwa? Aure na yi da ke! Wannan shi ne bambancin zuciyata da taki, ya tauraruwar asubata, kuma ina so ki riƙe shi a ranki yayin da kike karanta sauran.

Yanzu maganar furen.

Ranar da kika dawo daga kwatas na reluwe da wasu 'yan tsinkaye ƙunshe a bakin zanenki, kika ce fulawa ce ƙawarki Maman Chinelo ta ba ki, me na ce? Na ce fulawar da na sani ita ce wadda ake yin fanke da ita. Kika soka su a tsakuwar bakin ƙofa, wurin da ko akuya ba ta kwana. Abin ya kama, ya rarrafa, ya shimfiɗe a ƙasa kamar tabarmar da aka manta, jijiyoyinsa jajaye, ganyensa ƙanana masu ƙiba kamar shinkafar da ta sha ruwa. Na dube shi da kyau, ni da na tsufa ina raba shuka da ciyawa, na ce wannan ƙanin harshen saniya ne, ciyawar da muke tsinka wa aladu. Kika ce yana fure. Na ce ina furen? Kika ce sai na tafi gona yake buɗewa, kafin in dawo ya rufe.

Afiniki! Ki sa kanki a matsayina. Mutum ya fita da asuba, abu a rufe. Ya dawo da yamma, abu a rufe. Ranar Lahadi ya shiga sujada da safe, fasto ya riƙe shi har hanjinsa ya fara kuka, ya dawo, abu a rufe. Sannan matarsa tana murmushi ita kaɗai tana cewa, "Yau da ka ga yadda ya yi!" Wane irin fure ne wannan, mai jiran maigida ya juya baya? A garinmu abin da yake shiga gida bayan maigida ya tafi gona, ya ɓace kafin ya dawo, sunansa kwarto. Na faɗa miki haka, kika yi dariya har kika zubar da tsakin kaji. Ni ban yi dariya ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ina ƙetare abin nan safe da yamma, yana kwance a ƙofata da idanu a rufe kamar ɓarawon da ya yi kamar yana barci.

Saboda haka ranar da dusa ta ƙare, Oga aladenmu yana kukan da ya tashi unguwa, ke kuma kina kasuwa, laifin wa? Na duba hagu, na duba dama, na ga ciyawa mai ruwa a bakin ƙofa kyauta. Na naɗe ta kamar tabarma na kai masa. Oga bai bar ko jijiya ba, har ya lashe kwanon yana dubana da godiya, godiyar da ban taɓa samu a gidan nan daga bakin mutum ba. Kika dawo, kika tsaya a kan tsakuwa, ba ki yi ihu ba, ba ki jefe ni da ludayi ba. Da ma kin jefa! Sai kika shiga kika ɗaure kayanki, kika ce za ki je ganin jika, kuma ba za ki dawo ba sai furen nan ya buɗe a ƙofarki kin gani da idonki. A kan ciyawa, uwar gidana! Matar da ta zauna da ni shekarar da tsutsa ta cinye dawa, matar da ta zauna shekarar da rufin ɗaki ya tashi ya sauka a gonar maƙwabcinmu Leonard!

Na ce kwana biyu za ki yi. Na ce da kin tuna da tuwon accar gidanki za ki dawo. Ista ta wuce. Ruwan farko ya sauka. Na shuka citta ni kaɗai. Na dafa gwate da kaina, na zuba wa kare ya sunsuna ya tafi gidan Leonard. Ya ke sanyin randata, kin san yadda gida yake zama in babu mai yi wa mutum faɗa? Ƙofa tana ƙara, babu mai cewa in sa mata mai. Na bar takalmina a tsakar ɗaki, da safe na same shi a inda na bar shi, sai na ji ƙwalla.

Sai na wanke rigata na hau mashin zuwa Kafanchan, wurin Maman Chinelo, gwauruwar marigayi Ifediora na reluwe, tunda daga hannunta masifar ta fito. Kuma a nan ne zan kawo miki ƙara ta biyu, domin ki san irin ƙawayen da kike yi. Na gaishe ta da mutunci. Na ce irin ciyawar nan nake so. Ta karya mini cike da hannu, ta sa a leda, sannan ta matso kusa, ta kama hannun rigata, ta dube ni cikin ido tana murmushi ta ce, "Baban Angelina, ƙarfe goma ne fa. Ƙarfe goma! Ka tabbata kana gida."

Mace ta san matata ba ta nan, ta ba ni kyauta, ta sa mini lokaci, ta ce in tabbata ina gida! Na fizge hannuna. Na ce, "Madam, ni dattijon ikilisiya ne, ni nake riƙe kwanon baiko ranar Lahadi. Matata tana da rai, tafiya kawai ta yi. Ko ƙarfe goma, ko ƙarfe ashirin, ƙofata a kulle take." Ta buɗe baki, ta rufe, sannan ta fashe da dariya har ta rungume ginshiƙin baranda tana kiran sunan Yesu. Na juya na tafi, tana ta ƙwala mini kira a baya, ban waiwaya ba. Kin ga irin mijin da kika bari? Kin ga amana? Washegari ma na kulle gida da kwaɗo na tafi gona tun duhu, na ƙi dawowa sai da rana ta faɗi, don kada shaiɗan ya sami ƙofa.

Tsiron kuwa na yi masa gata irin wanda ban yi wa kaina ba. Na ce tunda sarauta yake so, zai sha sarauta. Na haƙe tsakuwar nan taki na zubar, na kawo baƙar ƙasar fadama, na cakuɗa da kashin kaji da takin Oga, wanda dama shi ya ci na farko, sai ya biya da abin da yake da shi. Na shuka, na lulluɓe da ganye da busasshiyar ciyawa kamar yadda ake rufe citta, na kafa masa rumfar zana don kada rana ta taɓa shi. Ruwa safe, ruwa yamma, ban da na sama. Wace citta ce a Kachia ta taɓa samun haka? Da citta ce da ta tashi ta gaishe ni. Shi kuwa ɗan banzan nan ya yi laushi, ya yi baƙi, ya narke kamar kuɓewar da ta kwana a miya. Na ɗaga ganyen na tarar da yauƙi da wari. Leonard ya leƙo ta kan danga ya ce, "Kumai, daddawa kake yi?" Mutumin da har yau bai dawo mini da kwanon rufina ba, ba shi da bakin magana.

Haka na koma kwatas na reluwe, ƙafata tana gaba zuciyata tana baya. Wannan karon na tsaya daga nesa, a tsakiyar fili inda kowa yake gani. Maman Chinelo ta fito tana share hawayen dariya tun kafin in yi magana. Ta ce, "Dattijo, sunansa ke nan! Sunan furen Ƙarfe Goma, don lokacin yake buɗewa. Ni me zan yi da kai, da waɗannan kunnuwan?" Ki ji fa. Wa yake sa wa tsiro sunan agogo? Kuma me kunnuwana suka yi? Ke kanki kin sani, duk shekarun nan ba ki taɓa gaya mini yana da suna ba. Da kin faɗa, da ban tsaya a gaban mutanen reluwe ina kare mutuncin da ba wanda ya nema ba.

Ta ce in rushe rumfar. Ta ce in kwashe takin, in mayar da tsakuwa da yashi, in bar shi a rana tsirara inda take dukan ƙasa. Ta ce ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi, ruwansa yana cikin ganyensa, in ƙasa ba ta bushe ba kada in kusance shi da bokiti. Ba a binne shi, karya shi ake yi a soka kamar tsinken tsire, a tafi a ƙyale shi. Na ce wannan ba noma ba ne, wulaƙanci ne. Ta ce to wulaƙancin yake so. Na yi tunani a kan mashin har gida: abu ka yi masa alheri ya mutu, ka yi banza da shi ya yi ƙiba. Ban ce ya yi kama da kowa ba. Ban kira suna ba.

Na kwaso tsakuwar da na zubar, ɗaya bayan ɗaya, bayana yana ƙara. Na soka shi. Na kewaye shi da ƙaya saboda kajinki, waɗanda ba su da tarbiyya tun tafiyarki. Sauran na soka a tsohuwar tasar wankinki, na huda gindinta da ƙusa don ruwa ya wuce, kuma kada ki yi mini faɗa a kan tasar, dama tana yoyo. Na ƙyale shi. Kin san wuyar ƙyale abu ga manomi? Hannuna yana ƙaiƙayi, in wuce da bokiti in kau da kai kamar mai azumi a bakin kasuwa. Ya kama. Ya rarrafa. Ya yi 'yan kawuna masu tsini a bakin kowane reshe, a rufe gam, safe da yamma, irin halinsa na da. Na ce to, mun koma gidan jiya, har Maman Chinelo an haɗa baki da ita.

Sai ranar da ƙotar fartanyata ta karye a tsakiyar kunya. Na zagi ƙotar, na zagi wanda ya sassaƙa ta, na kama hanyar gida da hantsi, lokacin da ban taɓa ganin gidana ba tun ina saurayi sai ko ina kwance da zazzaɓi. Na zagayo ta bayan rumbu.

Afiniki. Afiniki!

Wa ya zubar da kayan zumuntar mata a ƙofata? Ja kamar manja a rana, rawaya kamar ƙwai, fari kamar audugar da ta fashe, da wani launi irin na ɗankwalinki na Kirsimeti wanda ban san sunansa ba! Duk sun buɗe baki sun ɗaga kai sama kamar 'yan kwayar majami'a sun kai wurin Halleluya. Ƙudan zuma suna shiga suna fita suna birgima kamar mashaya. Abin da tsawonsa bai kai idon sawuna ba, ya cika mini ƙofa har na rasa inda zan taka! Na tsaya da karyayyar fartanya a kafaɗa, bakina a buɗe, ƙuda ya shiga ya fita. Sannan na ga dutsen nan mai faɗi na gefen ƙofa, wanda kullum nake tuntuɓe da shi ina cewa a kawar. Na zauna a kai. Ashe ya yi santsi. Ashe daga nan ake ganinsu duka, rana tana bayan mutum, dutsen Kagoro yana gabansa. Ashe nan kike zama kina ɓarar gyaɗa, ke kaɗai, duk shekarun da nake can ina hira da citta.

Na zauna har rana ta take tsaka, ina kallo suna rufewa ɗaya bayan ɗaya kamar masu shago. Ban koma gona ba ranar.

Amma ina da ƙara a nan ma: me ya sa ba ki taɓa ɓoye mini fartanya ba? Mace mai dabara irinki, wadda ta san inda nake ɓoye taba!

Sauran labarin kin san rabinsa. Washegari na ɗauki tasar a ka, na hau mashin, na shiga motar Zonkwa da ita a cinya. A tasha suna buɗe, wallahi suna buɗe, har wata mata ta roƙi reshe na hana ta. Amma direba ya ce sai mota ta cika. Muka zauna. Da ta cika ya ce zai sha mai. Da ya sha mai taya ta sace. Ina zaune a bakin titi ina yi wa tasa fifita da hulata, ina roƙonsu kamar mai lallashin yara, ina cewa ku dakata, ku dakata, saura kaɗan! Muka iso gidan Angelina da la'asar, sun rufe sun yi lagwas. Kika fito da jika a baya, kyakkyawa kamar daminar farko, har kin yi ƙiba da abincin wasu. Kika leƙa tasar. Kika ce, "Abincin alade ka kawo mini?" Kika koma ciki. Angelina ta ce in ɗauki hoto a waya in aiko, kika ɗaga murya daga ɗaki kika ce hoto ko na ƙofar Maman Chinelo ana iya ɗauka. Na juyo da tasata a ka, yaran Zonkwa suna bina suna tambaya ko sayarwa nake yi.

To, ya ke kurciyar kan rumbuna, ya ke ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko, ya ke wadda tsawarta ta fi mini waƙar wasu daɗi, ga inda magana ta tsaya. Kin ce a ƙofarki, kin ce da idonki. Ƙofa ba ta hawa mota. Idonki ne zai hau.

Kuma ki sani, tun ranar nan ban sake fita gona da asuba ba. Ciyawa ta kai wa cittata wuya, Leonard yana bi gida gida yana cewa Kumai ya tsufa ya koma gadin fure. Ya faɗa! Ina kan dutsenki kowace safiya, ina korar kaji, ina tsinke waɗanda suka bushe don sababbi su sami wuri, domin na gano wani abu da ya hana ni sukuni: kowane fure yini ɗaya yake yi. Wanda ya buɗe yau ba shi ne na gobe ba. Na jiya ya tafi ba ki gan shi ba, na shekaranjiya ma haka, wani ja mai ninki biyu da na so ƙwarai ki gani. Ruwan Agusta yana tafe, an ce in ya yi yawa sai su ruɓe. Ni ma, in za a faɗi gaskiya, ba sabon tsiro ba ne. Har yaushe za mu yi ta buɗewa babu mai kallo, ni da su?

Ki hau motar farko. Ki zauna a gaba, ki yi wa direban irin faɗan da kike yi mini, zai iso da ke kafin hantsi. In kin zo sun buɗe, alkawarinki ya kama ki, kin dawo ke nan. In kuma mota ta makara kin tarar da su a rufe, kada ki juya, ya hasken idona. Ki shiga, ki ajiye kaya, ki kwana, gobe ma akwai ƙarfe goma. In gobe hadari ya rufe rana suka ƙi buɗewa, domin haka suke yi, sai ki ƙara kwana. Damina ce, Afiniki, kuma a gindin dutse muke. Na daɗe ina roƙon Ubangiji rana saboda su. Ranar da ƙafarki ta taka gidan nan, hadari zan fara roƙo.

Ni ne naki tun daga yatsan ƙafa har furfura, wanda bai duba wata ba ko da aka sa masa lokaci, wanda ba zai duba ba har a kai shi bayan majami'a a rufe, mijinki mai gaskiya a wannan magana da sauran maganganu duka, yana zaune a bakin ƙofa yana kallon hanya,

Kumai